Sallama a Ƙofar Dodo

Har yau in aka zuba ruwa a kan busasshiyar ƙasa, ko da mai wankin mota ne a bakin titi, ƙamshin yakan tsayar da ni. Ƙamshin damina ne ba hadari. Mu da muka tashi bayan an datse gulbi a Goronyo, a tsakiyar rani muka san shi, ranar da aka sako ruwa ya biyo hanyarsa a hankali yana shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. In na shaƙe shi sai in ga rumfar kara, in ga kakata ta miƙe ƙafa tana yanke lawashi, in ga Malama da littafinta.

Malamar asibiti ce, Kirista, daga can wajen Filato aka turo ta ƙauyenmu. Ɗakinta na jikin ɗakin shan magani, a ƙarshen gari. Tana cewa "me" inda muke cewa "mi", mu kuwa mu yi ta dariya a bayan idonta, sai ka ce mu muka ƙirƙiro Hausa. Kowa na gaishe ta, kowa na yaba hannunta a allura. Duk da haka mun ji ta rubuta takarda tana neman a mayar da ita gida. Ni dai ba na so ta tafi, kuma ban san abin da yarinya 'yar shekara goma za ta yi a kai ba.

Littafin a cikin tarin gwanjo ta samo shi a Sakkwato. Na Turanci ne, bangonsa ya tafi, akwai taswira a tsakiya. Ba labari ba ne da ake karantawa a rufe. Wasa ne: mutum ɗaya ya riƙe littafin yana faɗin abin da ke gabanku, ku kuma kowa ya zaɓi wanda zai zama, ya faɗi abin da zai yi. In ta tashi aiki bayan la'asar takan biyo ta gonarmu, ni da yayana da ɗiyar baffanmu mu kewaye ta.

Sai dai ƙasar cikin littafin ba ta karɓe mu ba sai da Malama ta yi mata gyara. Ta karanta mana ƙanƙara mai rufe hanya, muka yi zuru. Ta mayar da ita laka, irin wadda ke cire wa jaki ƙarfi a fadama, nan take muka gane. Gidan giya ya koma rumfar mai fura. Dajin wasu itatuwa da ba mu san su ba ya zama kurmin giginya. Yayana ya zama maharbi, ɗiyar baffa mai magani, ni kuwa masunciya mai jin maganar kifi. Littafin ya ce a jefa 'ya'yan ludo, Baba ya ce ba a gonarsa ba, abin ya yi kama da caca. Sai muka koma jan tsinke: dogo ka ci nasara, gajere ka sha ƙasa. Ƙaton macijin cikin littafin mai hura wuta kuma Malama ta sauke shi daga kan dutse, ta kai shi ƙarƙashin ruwan dam, ta ce dodo ne. Daga ranar, in na kalli ruwan ya kwanta shuɗi har inda ido ya gaji, sai in ga kamar akwai soraye a ƙasa da fitilu a kunne.

Kaka ta yi kwana uku tana saurare tana tsaki. Ran na huɗu ta ajiye wuƙa.

"Ku, wa yac ce muku ana tatsuniya da rana? Ɓacewa kuka son yi?"

"Mama, wannan ba tatsuniya ba ce," in ji Malama. "Tatsuniya an san ƙarshenta. Wannan ko ni ban san inda za ta kai mu ba."

Kaka ta ce a ba ta tsinke ta gani. Da aka tambaye ta wa za ta zama, ta ce ita tsohuwa ta, tsohuwa za ta zama, ba ta da lokacin sake fata.

Haka muka yi ta tafiya har albasa ta kai cira. Muka ratsa kurmi, muka nutsa, muka isa ƙofar dodo. Malama ta rage murya ta ce ƙofar a buɗe take, dodo na barci, dukiya na bayansa. Yayana har ya ɗana kibiya. Abin da littafin ke jira ke nan, a lallaɓa a shiga, a kashe, a kwashe.

"Dakata," in ji Kaka. "Wa ad da gidan?"

"Dodo ne, Mama."

"Kuma ku hwaɗa mishi gida ba sallama? Ku ɗiyan wa na?"

Ta gyara zama, ta kalli tarin albasa kamar ƙofar ce, ta yi sallama da murya sosai. Ta sake. Ta ce in ta yi ta uku ba a amsa ba, gida za mu koma. Malama ta buɗa shafi ta rufe, ta buɗa wani. Littafin ya faɗi ƙarfin dodo, da yawan saran da zai kashe shi, da zinariyar da ke ɗakinsa, amma bai ba shi ko kalma ɗaya ta faɗa ba. Wanda ya rubuta bai taɓa zaton za a yi masa sallama ba. Malama ta ce mu bari sai gobe.

Washegari ta zo da littafin rubutu na 'yan makaranta, ta cika shafi huɗu da hannunta. Dodo ya amsa sallama da wata murya mai kauri, ya shimfiɗa mana tabarmar gansakuka, ya kawo ruwa. Daga nan wasan ya zama ziyara. Kullum sai mu nutsa mu gaishe shi, ya nuna mana ɗakin da yake ajiye duk abin da ya faɗa ruwa, zobba da guga da takalmi wari guda. Yayana ya yi ta ƙunƙuni, kibiyarsa na tsatsa. Ni kam ban taɓa jin daɗin wuri kamar gidan nan ba.

Wata rana Kaka ta tambaye shi, "Kai kau, mi as sa ba ka hitowa cikin mutane?"

"Ina fitowa," in ji dodo. "Kowa na gaishe ni a hanya. Amma shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofata sai mai ciwo."

Malama ta manta ba ta sa muryar dodo ba. Da tata ta faɗa. Injin ban-ruwa na ta bugawa a gonar maƙwabta. Kunya ta kama ni.

Washegari ba ranar aiki ba ce, da hantsi Kaka ta dama fura, ta ɗora mini ƙwaryar, muka ratsa gari har ƙarshensa. Ba ta bi ta ƙofar marasa lafiya ba. Ta zagaya ta tsaya a ƙofar ɗakin Malama, ta yi sallama. Sai a ta uku aka amsa. Malama ta fito ido jawur, ta rasa inda za ta zaunar da mu, don kujera ɗaya gare ta, kofi ma ɗaya. A kofin nan Kaka ta sha ruwa, ta miƙo mini. Muka zauna har azahar.

Bayan nan mata sun riƙa zuwa, wata da tuwo, wata don hira kawai. Amma takarda ta riga ta yi nisa. Kafin ruwan fari amsa ta zo, mota ta zo. Ba mu ƙarasa wasan ba. Da motar ta ɓace Kaka ta ce, "Mun makara da sallama," ba ta ƙara ba.

Yanzu a birni nake, gidanmu da ƙofar ƙarfe da ƙararrawa, baƙo ma sai ya yi waya kafin ya zo. 'Ya'yana na irin wannan wasa a waya, suna fasa ƙofofi ba mai tambayar su ɗiyan wa ne. Nakan yi musu faɗa, alhali ba ni da bakin yi. Akwai wata baƙuwa da ta kama haya a bayan gidanmu wata biyar ke nan. Na san ranar da take wanki, na san lokacin da take dawowa daga aiki, muna gaisawa a hanya. Har yau ban san launin labulen ɗakinta ba.