Yatsan da na nuna kabari da shi

Faransanci ya kayar da ni zango biyu a jere, kayen da har malaminmu ya fara kallona da tausayi. Babana mahauci ne a kwatar Agege. Ya ce in na sake faɗuwa, makaranta ta ƙare, zan koma wankin tumbi a wurinsa. Wanda bai taɓa wanke tumbin saniya ba bai san tsoro ba. Warin kan rako mutum gida, ya ci tuwo tare da shi.

Saura kwana uku jarrabawa na ruga wurin wani tsohon mai shayi, ɗan Maraɗi, wanda ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, a can Nijar yana yaro. Kawu muke ce masa. Teburinsa na jingine da katangar maƙabarta, kuma bayan la'asar babu kowa a bencinsa.

Kalmomin nuni ne suka hana ni sakat: ce, cet, cette, ces. Kawu bai san allo ba, da kayan shayinsa yake koyarwa.

"Ce pain, wannan burodin. Cet œuf, wannan ƙwan. Cette tasse, wannan kofin. Ces mouches, waɗannan ƙudajen da ka kwaso mini daga kwata."

Na lura ba ya nuni da hannu. Leɓe yake turowa, kamar zai sumbaci burodin. Na yi ta dariya har na kusa faɗowa.

Rana ta biyu kaina ya fara ɗauka, rawar kai ta motsa. Na haye benci, na leƙa bayan katanga. Ga wani sabon kabari, ƙasarsa ja, da sauran danshi. Na miƙe yatsa sak.

"Kawu, cette tombe! Na ci ko ban ci ba?"

Bai ce na ci ba. Ya ajiye cokali a hankali.

"Sauko. Ciji yatsan nan."

"Haba Kawu, ni da ban ji yunwa ba?"

"Ba a nuna mamata da yatsa, ɗan nan. Wanda aka nuna yakan ɗauka kiransa aka yi."

Na ƙi ciza, don taurin kai. Sai ya ɗauko kofi uku, ya zuba shayi. Ɗaya nasa, ɗaya nawa. Na ukun ya tura ƙarshen benci, kusa da ni, ya ce in ɗan matsa. Na matsa. Har yau ban san dalilin da ya sa na matsa ba. Motocin danfo na ta wucewa, amma kamar an toshe mini kunne da auduga. Tururin kofin nan bai tashi sama ba, wajena ya karkato.

Kafin in kai gida yatsan ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Na tsoma shi a ruwan zafi, na shafa masa man zafi, na yi masa addu'a har da wadda ban haddace sosai ba. Shiru.

Ranar jarrabawa ya ƙi lanƙwasuwa. Na kama biro, ya zame. Na sake kamawa, yatsan ya miƙe da kansa, yana nuna kujerar gefena, wadda babu kowa a kanta. Ga tambayoyi, duk na san amsarsu, ga lokaci na tafiya, ni kuwa sai warin tumbi nake ji. Na tura yatsan a baki na gartsa masa cizon da tsohon kare ma zai sara mini. Ɗumi ya dawo. Na rubuta da gudu, jini na ɗiga a gefen takarda.

Da ƙyar na haye. Da aka dawo mana da takardun na kai wa Baba a kwata. Bai dubi makin ba tukuna, ɗigon ya tsura wa ido, ya kai hanci.

"Wannan ba na dabba ba ne."

"Nawa ne, Baba."

Ya dube ni, ya dubi bayana, ya ɗan daɗe. Sannan ya ninke takardar ya ce in koma makaranta ranar Litinin, kuma in riƙa bi ta bakin titi, ba ta jikin maƙabarta ba.