Likkafanin Hajiya Kande

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da muka rufe ɗakin marigayi Baba Idi a unguwar Nuzla. A shekarun sittin ne, ina ƙaramin magatakarda a ofishin da ke kula da dukiyar baƙin da suka rasu a Jidda. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa. A nan aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba.

Ga yadda aikin yake, ku na baya. Idan baƙo ya mutu babu magaji a kusa, wajibinmu ne mu kai rahoto. Mu rubuta abin da ya bari, mu sa kwado, mu buga hatimi. Daga nan ba mai taɓawa sai alƙali ya yanke. In magaji bai bayyana ba, a yi gwanjon kayan, kuɗin su shiga baitulmali.

Baba Idi baduku ne, ba mata ba ɗa. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, abokin aikina ya rubuta "farin yadi, ƙunshi-ƙunshi". Ni kuwa na san ko mene ne: likkafani ne. Tsofaffinmu kan sayi farin yadi su jiƙa shi da zamzam a Makka, su shanya, su ajiye don ranar tafiya. Bukkokinsu na kwano da buhu ne, ga ɓera ga gobara, shi ya sa suke ba Baba Idi ajiya. Ba a rubuta suna a likkafani. Kowa ya san ƙullin nasa, shi kuwa ya san na kowa.

Muna fitowa wata tsohuwa mai tuyar waina, Hajiya Kande, ta kama hannun rigata. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi da ƙyar.

"Ya waladi, ɗana, nawa na ciki. Mai baƙin zare a ƙulli. Ba ni in tafi."

"Mamnu'u ne, Hajiya, doka ta hana. An riga an buga hatimi. Amma zan gaya wa mudir, shugaban ofishinmu."

Na gaya masa ajiya ce, ba gado ba. Bai ko ɗago kai ba. "Ta kawo shaidu biyu gaban alƙali. Halas, magana ta ƙare." Ba mugu ba ne, ya sha ganin an wawashe ɗakin mamaci da sunan ajiya. Amma duk waɗanda suka san ƙullin nan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Zuwansu kotu daidai yake da hawa jirgin gida, saboda haka ba wanda ya je.

Da na ji ta kwanta, sai na sayi sabon yadi, na yayyafa masa zamzam na kai mata. Ta shafa shi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma wancan ni da marigayi maigidana muka wanke. Shi ya riƙe gefe ɗaya, ni ɗaya." Da ta rasu, a cikin wanda na sayo aka sa ta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da wa'adi ya cika aka yi gwanjo, ni na rubuta sunan mai saye. Wani mai shayi ne a hanyar Khumra. Ya haɗa fararen yadukan nan ya ɗinka rumfa, leburori na shan inuwa suna hira.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, doka tana tsare kayan mamaci daga hannun masu rai, kuma haka ya kamata. Sai dai ba ta san amanar da ba a rubuta ba, mutanenmu kuwa a kanta suke rayuwa. Tun daga ranar ban ƙara barin a buga hatimi ba sai na tsaya a bakin ƙofa na tambaya da Hausa ko akwai mai ajiya.

Rumfar ta daɗe a wurin. Na sha wucewa cikin tsakar rana, ƙishi na cina, amma ban taɓa iya shiga ƙarƙashinta ba.