Ajin da Ba a Ba Ƙwan Fitila Ba

Yayana malamin jami'a ne, amma a gida Malam Gwaji muke ce masa, don ko shayi aka zuba masa sai ya tsaya tambayar abin da ya sa tururi ke yin sama. Kimiyya ya karanta, daga baya ya koma binciken yadda ake koyar da ita. Shi ke nan ya zama ba ya nan ba ya can: masu kimiyya na ganin ya gudu, masu sashen koyarwa na yi masa kallon baƙo.

Jami'a ta ba shi wa'adi. Ko ya kammala digirinsa na uku, ko ya bar aiki, ya kuma tashi daga gidan ma'aikata da yake ciki da iyalinsa.

Binciken nasa kwatance ne. A wata sakandare ya ɗauki aji biyu: ɗaya a koya musu lantarki da batir da waya da ƙwan fitila a hannunsu, ɗayan da alli da allo kawai. Bambancin sakamakonsu shi ne digirin.

To, ajujuwan bango ɗaya ne a tsakaninsu. Duk ranar da ƙwan ya kama, aji na farko ya ɗauki sowa, sai 'yan aji na biyu su cika taga suna leƙe. Yaya ya daure, ya daure, har zuciyarsa ta kasa. Ya ɗauki kwalin kayan ya shigar musu.

Da aka yi jarrabawa, duka aji biyun suka ci. Babu bambanci ko kaɗan. Farfesan da ke duba aikinsa ya ce masa wannan ba bincike ba ne, sadaka ce, sai dai ya sake daga farko. Wa'adi kuwa ya ƙare.

Na yi fushi da shi, gaskiya, na kuma ji tausayinsa. Ranar tashi na je taya su ɗaure kaya. Yana tsugune yana naɗe wayoyin nan yana yi mana bayani, wai da mun ga fuskokin yaran da ba mu zarge shi ba. Matarsa tana saka kayan makarantar 'ya'yansu a buhu, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka ji tausayin 'ya'yan mutane, Baban yara," in ji ta. "Namu fa, wace taga za su leƙa?"

Yaya ya ci gaba da naɗe wayoyinsa. Mota tana waje tana jira, har lokacin ba mu san inda za a sauke kayan ba.