Kaciyar Ɗana

Ina 'yar shekara tara ƙanena ya rasu, kwana biyu bayan an yi masa kaciya. Jini ne ya ƙi tsayawa. A gidanmu aka ce kwana ne ya ƙare, ba a sake tada maganar ba.

Aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Kunci. Ɗana na biyu tun yana rarrafe nake ganin alamun. In ya buge kaɗan sai gwiwa ta kumbura ta yi baƙi. Ran da ya fasa leɓe a bakin turmi, yini muka yi muna danna tsumma.

Da ya cika shida, bayan an shigar da dawa rumbu, surukina ya ce a haɗa shi da 'ya'yan ƙannen mijina a kira wanzami. Ban taɓa ɗaga ido na dubi surukina ba, amma ranar na je zaure na durƙusa.

"Baba, jinin yaron nan ba ya tsayawa. Haka ƙanena ya tafi. A bari likita ya duba shi tukuna."

Ko kallona bai yi ba. Sai ya juya ga mijina ya tambaye shi: "Tun yaushe mace take sa baki a zancen kaciya?"

Mijina ya sunkuya yana tsintar ƙaiƙayi a tabarma. Har yau ban yafe masa sunkuyon nan ba.

Da hantsi aka yi. Kafin azahar sauran yaran suna yagar gasasshiyar kaza, nawa kuwa ya jiƙe zane biyu. Wanzami ya barbaɗa gari ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Da la'asar leɓen yaron ya yi fari fat. Ban nemi izinin kowa ba, na goya shi na fita titi na tare mai babur. Asibitin da muka fara zuwa suka tura mu Kano, can mijina ya same mu.

Aka ƙara masa jini, ya rayu. Likitar ta ce ciwon gado ne: abin da ke daskarar da jini ne ya yi ƙaranci a jikinsa, uwa ke ɗauke da shi, 'ya'ya maza ke fama.

"Da kafin a yanka kuka zo, da mun shirya masa," in ji ta.

Duk bayanin nan, abu ɗaya uwar mijina ta riƙe. Muna shiga gida ta ce, "Ashe daga gidansu ta kwaso mana."

Na ce, "Inna, a jinina yake, na yarda, Allah ne ya sa. Aska fa, wa ya sa masa? Ni na durƙusa na roƙa!"

Aka ce na yi rashin kunya, har aka aika wa mahaifina. Babu wanda ya ce min yi haƙuri, kin faɗa ba mu ji ba.

Yanzu yana aji biyar. Ba ya buga ƙwallo, sai dai ya zauna gindin darbejiya yana ƙirga wa abokansa ci.