Malam Younoussa da Injin Ɗaga Suruka

Jawo kujera ka zauna, ke ma matso nan kusa, shayin bai huce ba tukuna. Yau labarin Malam Younoussa zan ba ku, mutumin Maradi, wanda duk Bahaushen Greensboro ya sani da Sarkin Tasha, ko da yake babu wanda ya taɓa naɗa masa rawani.

Kafin ya zo Amurka ɗan kamasho ne a tashar motar Maradi. Tun yana saurayi yake kiran fasinja, har muryarsa ta buɗe ta ƙi komawa. In ya ce maka ina kwana a unguwar Wendover, mutanen McLeansville can bayan gari sai su amsa. Da ya iso nan ya samu aiki a wani babban sito bayan kantunan Wendover, yana jera kwalaye a cikin tirela. Aikin ya karɓe shi, don mutum ne da zai cusa kayan mota biyu a mota ɗaya, ya kuma bar wa akuya wuri. Abu guda ne ya hana shi sakewa a garin: babu hayaniyar tasha. Kowa da motarsa, kowa ya ɗage gilashi, ba ka jin ana cewa saura mutum ɗaya.

Shi ya sa in ka ce za ka yi tafiya, sai ka ga Younoussa a ƙofar gidanka tun ba ka ɗaure jaka ba. Shi zai shirya but, shi zai faɗi wanda zai zauna gaba, shi zai bubbuga bayan mota ya ce, "Direba, Allah ya kiyaye hanya," ko da direban matarsa Leïla ce za ta je sayen albasa.

Jirgin ƙasa kuwa, ƙasarsu ba ta da shi a lokacin. Sau ɗaya ya taɓa ganinsa a Parakou, can ƙetaren iyaka, shi ma a tsaye, awaki na kwance a inuwarsa. To, cikin 2005 sai aka gama gyaran tsohuwar tashar jirgi ta tsakiyar gari. Aka sa lifta, aka yi gangara don masu keken marasa lafiya, aka ƙara fitilu da lasifika, aka ja layin rawaya a bakin dandamali don kada wani ya matsa kusa da jirgi. Younoussa ya mayar da wurin gidan kallonsa na ranar Asabar. Da ya gama nazari sai ya yanke hukunci a majalisa:

"Tashar ta yi kyau, amma ba ta da tsari. Ɗan kamasho ko ɗaya babu. Jirgi ya zo, ya tafi da kujeru ba kowa a kai. Wannan ai asara ce."

Yanzu bari in shigo muku da Hajiya Kaltouma, uwar Leïla. Ta zo daga Maradi aka yi mata aikin gwiwa, ta zauna a gidansu, tana kan keke kafin ƙafar ta yi ƙwari. Allah ya hore mata jiki, ya kuma hore mata baki. Tsakaninta da Younoussa kuwa kunya ce irin ta mutanen da. Tun da ya auri ƴarta bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. In magana ta kama, sai ya fuskanci firji ya ce, "A gaya wa Hajiya kaza." Ita kuma ta fuskanci labule ta ce, "A gaya masa na ji." Falon bai fi tabarma uku ba, amma haka saƙo ke yawo.

Ana nan sai Djamila, ƙanwar Leïla, ta haihu a birnin Charlotte. Haihuwar fari, suna ranar Lahadi da safe. Wa zai tsaya kan wankan jego, wa zai dama kunun kanwa in ba uwa ba? Ga shi gwiwar ba ta lanƙwasuwa a mota, ga shi Hajiya ta rantse ba ta sake hawa babbar hanyar nan da tireloli ke tsere kamar an biyo su. Tana zaune tana share ido da gefen mayafi, sai Younoussa ya gyara murya ya fuskanci firji.

"A gaya wa Hajiya akwai jirgin ƙasa. A gaya mata amana ce a wuyana. Ni ban taɓa barin fasinja a ƙasa ba."

"A gaya masa na ji," in ji Hajiya.

Aka yankar musu biye, wato tikiti, ita da Leïla, a jirgin safe na ranar Asabar.

Ai kun san mu da rakiya. Ba a barin babba ya tafi kamar maraya. Da gari ya waye sai ga maƙwabta mata huɗu sun ci ado, ga Nurudeen, abokin Younoussa, ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Kaya kuwa sai ka ce ƙaura ake yi: gero, kanwa, yaji, kilishi, turaren wuta, da wata tukunya da Hajiya ta ce duk Charlotte babu irinta, ko da yake ba ta taɓa zuwa Charlotte ba.

Wata ma'aikaciyar tasha, Angelina, gajeriya mai oba-oba a kafaɗa, ta tarbe su da fara'a. Ta shigar da Hajiya lifta, Hajiya ta yi ta salati har suka fito dandamali. Nan Angelina ta turo wani inji. Faranti ne na ƙarfe mai tayoyi, da hannun murzawa a gefe. Keke ya hau, a murza, sai ya ɗaga mutum har daidai ƙofar jirgi.

Hajiya ta ƙare masa kallo.

"Leïla, mene ne wannan?"

"Inna, shi zai ɗaga ki."

"Ni? Buhun albasa ce ni, ko saniyar da za a kai Legas?"

"Inna, don Allah, kowa ma shi yake hawa."

"Kowa ba uwarki ba ne. Gaya wa yarinyar nan na gode, iyayenta ma na gode. Ni ba na hawa sikeli a gaban jama'a."

Suna cikin haka jirgi ya shigo. Younoussa bai ji wannan gardama ba, don aiki ya motsa. Ya hango wata ƙofa can baya a buɗe, ya ja ƴan rakiya da kaya suka dunguma ciki. Ya cire hularsa ya ɗora kan kujerar taga, ya kama wa Hajiya wuri kamar yadda ake yi a Maradi. Ya shiga jera kaya, ya sauke, ya sake jerawa, don tukunyar ba ta zauna yadda yake so ba. Matan suka zazzauna, wai su gwada wa Hajiya taushin kujera.

Jirgi ya yi hon.

"Chale, abokina, mu sauka," in ji Nurudeen. "Wannan ba motar kasuwa ba ce."

"Kai dai tasi ka sani," in ji Younoussa. "Hon na farko ƙarya ne. Riƙe min yajin nan."

A waje kuwa kwandasta ya tambayi Hajiya ko za ta hau, ya sake tambaya, ya duba agogo, ya sake tambaya. Hajiya ta riƙe tayar kekenta ta ce a gaya masa ko ubansa ne ya ƙera injin ba ta hawa. Mutumin ya ba da haƙuri ya shige. Ƙofofi suka rufe, jirgi ya motsa.

Matan suka miƙe da salati. Younoussa ya ɗaga hannu.

"Ku kwantar da hankalinku, dabara ce. Kowane direba haka yake yi. Ya ja gaba kaɗan don fasinja su yi sauri, sai ya dawo da baya. Na ga wannan ya fi a ƙirga."

Tagar da yake tsaye ta zo daidai inda Hajiya take. Kun san abin da ya yi? Ya sunkuyar da kai da ladabi. Haka jirgi ya wuce da shi ta gaban surukarsa, shi ba biye, ita da biye a hannu.

Dandamali ya ƙare. Gidaje suka wuce. Itatuwa suka fara gudu.

"Yanzu zai dawo," in ji Younoussa, amma muryar nan ta tasha ta ɗan ragu.

"Asem aba," in ji Nurudeen da yaren Kumasi, wato magana ta zo. "Malam, ina jin direbanka ya manta inda ribas yake."

Da kwandasta ya iso yana neman biye, sai ya tarar da mutum shida da tukunya. Younoussa ya yi masa bayani da iyakar Turancinsa cewa su ba fasinja ba ne, rakiya suka yi. Mutumin ya tambayi ina wadda suka rako. Aka nuna masa baya, wajen Greensboro. Ya daɗe yana shafa ƙeya, sannan ya sauke su a tashar gaba, High Point. A cikin ruɗewa suka kwashe komai ban da hular Younoussa, ita dai ta isa Charlotte lafiya, a kujerar taga.

Sai bayan azahar wani ɗan'uwan Nurudeen ya maido su a motar kaya. Suka tarar da Hajiya a babban zauren tasha, Leïla na gefe ido ya yi ja. Angelina ta mayar musu da biye zuwa jirgin yamma, kuma in wannan ya wuce, to sunan ya wuce. Amma Hajiya ta riga ta yanke.

"A mayar da ni gida. A buga wa Djamila a ce ta yi haƙuri, uwarta ta zama kaya."

Da ta zo kan sunan Djamila muryarta ta karye.

Babu firji a zauren, don haka Younoussa ya fuskanci injin sayar da lemo.

"A gaya wa Hajiya..."

"A gaya masa ya yi min shiru."

Ya tsaya, kai ba hula, yana lissafi. Ya ɗauke ta da hannunsa? Gara ƙasa ta tsage. Nurudeen ya ɗauke ta? Nurudeen iska mai ƙarfi ma tana kai shi ƙasa. Sai ya je ya yi wa Angelina raɗa, irin raɗarsa da ake ji har wajen fakin. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ciji leɓe, ta ce to.

Aka koma dandamali gaba ɗaya. Angelina ta kawo keken tasha, Younoussa ya tattare babbar rigarsa ya zauna, aka tura shi kan farantin ƙarfe. Ta fara murzawa. Inji ya ce ƙiii. Sarkin Tasha ya fara tashi sama a hankali, hannuwa bisa gwiwa, tumbi a gaba, sanƙo na ƙyalli. Nan wata matsala ta taso da bai hango ba. Ladabi ya ce ya kalli ƙasa, to amma yanzu Hajiya ce a ƙasa. Ya kalli hagu, ga matan unguwa. Ya kalli dama, ga wasu ɗalibai sun tsaya kallo. Sai ya rufe ido gam, ya yi ta hawa kamar wanda ake yi wa aski.

"Malam, yaya garin yake daga can?" in ji Nurudeen. "Kana hango Maradi?"

"A gaya wa Hajiya," in ji Younoussa daga sama, ido a rufe, "babu girgiza. A gaya mata har ma akwai iska mai daɗi."

Wani sauti ya fito daga cikin mayafin Hajiya. Da farko an ɗauka tari ne. Ashe dariya ce. Ta toshe baki, ta ƙi tosuwa, har keken yana rawa, har hawaye. Leïla ta ce tun da aka yi aurenta ba ta taɓa jin uwarta ta yi dariya mijinta na wurin ba.

Da ta samu numfashi sai ta ce, "Leïla, gaya wa yarinyar nan, injin da ya ɗaga wannan tumbin bai karye ba, ni ma zai iya da ni. Amma a sauko da shi tukuna, kada in mutu ban ga jikana ba."

Da yamma ta yi, Angelina ta kafa sharaɗi: duk wanda ba shi da biye, kada ƙafarsa ta taɓa layin rawaya. Hajiya ta ƙara nata, ta ce wanda ya tsallaka ba ta yafe ba. Ma'aikata suka shigar da kaya, Younoussa na tsaye yana kallon yadda suka ajiye tukunya a karkace, yana ta haɗiye gyara. Hajiya ta hau faranti ta gyara mayafi, tana ba da umarni kamar ita ta saya.

"A hankali, yarinya. Yauwa. Ƙara kaɗan. Allah ya ba ki miji mai hankali, ba irin na wasu ba."

Da ta kai bakin ƙofa sai ta fuskanci fitilar dandamali ta ce, "A gaya masa Allah ya yi albarka."

Younoussa ya fuskanci kwandon shara ya ce, "A gaya mata amin."

Jirgi ya ja. Da safe aka raɗa wa yaro suna, kakarsa na zaune a tsakiyar ɗaki tana faɗan an cika wa kunu ruwa.

Maganar dai ba ta mutu ba. Har yau in an fito masallaci ranar Juma'a ana taɓa ta. Dattawa na cewa rakiyar da ta tsaya a bayan fenti ba rakiya ba ce, sallama ce kawai, kuma haka zumunci ke lalacewa, da kaɗan-kaɗan. Matan unguwa na cewa su sun yi cikakkiyar rakiya sun ga ƙarshenta, ta kai su High Point ba ko kuɗin ruwa. To ku fa, da kuka sha shayina kuka ji komai, in surukarku za ta hau jirgi gobe, a ina za ku tsaya?