Gidan Zanzaro a Cikin Zarto

Daminar da iska ta kayar da gawo a bakin rijiyar unguwarmu a Matameye, kwana biyu ba mu ja ruwa ba. Maigidana yana aikin hanya a lokacin, sai ya aro zarto mai inji daga ma'ajiyarsu. Ya yi ta jan igiya har ya jiƙe da gumi, injin ko tari bai yi ba. Ya goge buji, ya canja esansi, wato fetur, shiru.

"Malam, a kawo gatari mana," in ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu. "Shi ba ya yaji!"

Ina tsaye da tuluna sai na ga zanzaro yana kewaya bututun hayaƙin injin. Na ce a hankali, "Malam, leƙa nan, ka yi baƙo." Ashe ɗakin laka ya gina a ciki, ya toshe bututun. Da ƙayar gawon aka fasa shi. Ja ɗaya injin ya tashi, tsohuwar ta yar da guganta ta ruga tana salati.

Kafin la'asar an yanke gawon, mun cika randuna, alhamdu lillahi. Zanzaron dai ya ba ni tausayi. Na kwaɓa masa laka a gindin randa, ya sake gini.