Zirin Furen da Kawu Altine Ya Bari

Damina tara ke nan da muka binne Kawu Altine, ƙanin mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke gabas da Rabah. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ba irin mutanen da jarida ke tunawa da su ba ne. Manomin gero ne mai taurin kan tsiya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da mutane a kan wani fure.

Hatsin manoma ake ce wa furen. Kansa na cikin ƙasa kamar na albasa. Duk rani yana kwance a busasshen rairayi kamar ya mutu, sai ruwa ya sauka sosai ya huda ƙasa, ya fitar da fure fari fat mai ƙamshi. Da yamma yake buɗewa, kafin hantsi ya yanƙwane. Kawu ya ce suna yara tattaka shi suke yi a hanyar rafi. Garmar shanu ta ci rabonta, masu haƙar magani suka ci nasu, maganin feshi ya zo ya share sauran. Lokacin da na yi wayo, ban da ɗan zirin da Kawu ya bari a gefen gonarsa, ban san inda ya rage ba daga wajenmu har Goronyo.

Zirin nan ya jawo masa gori ba kaɗan ba. Kunya uku na gero ya sadaukar, a gidan da hatsi ba ya kai mu kaka. Ranar da maƙwabcinsa zai yi feshi kuwa, Kawu zai je ya tsaya masa a ka, yana duban inda iska ta nufa. Na taɓa jin ya ce wa mutumin, "Wanga hure ya riga kakanka zuwa wuringa. Mi yay yi maka?" Ba ya shuka sai furen ya buɗe. Wata shekara ya dace, wata shekara ya makara mu yi ta masa dariya, ko a jikinsa.

Allah ya yi masa gata, ya ɗauke shi kafin 'yan bindiga su matsa mana. Bai ga ranar da ƙauyen ya watse ba. A ranar, ɗansa Bello, wanda ya gaji gonar, ya tsaya ya tono kawunan furen cikin aljihu ɗaya, mutane na gudu yana haƙa. Ya sauka wajen Wurno, ya kama noman albasa a fadama kamar kowa.

A nan ne ƙauna ta yi ɓarna. Bello ya ba kawunan furen fangali mafi kyau a lambunsa. Duk sanda ya tayar da injin ban ruwa, su yake fara shayarwa, ya bi su da taki, yadda duk mai albasa ke yi wa abin da yake ji da shi. Abin da ya saba barcin rani a ƙasa mai ƙuna ya wuni cikin laka. Da Bello ya ga shiru ya tona, sai ruɓa da wari. Ya kira ni yana kuka, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ban ga laifinsa ba. Kawu bai taɓa koya mana yadda ake renon furen ba, kullum cewa yake a ƙyale shi, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ilimi.

Saura na can gonar Kawu, in akwai saura. Wani lokaci nakan ce tunda ba garma ba feshi, wataƙila zirin ya ma yaɗu. Sai in ji kunyar tunanin, wai sai da aka kore mu furen zai huta. Wani da ya ratsa ta can ya ce garkunan shanun sata a gonakinmu suke kwana, ƙasar ta daddaɓe kamar daɓen ɗaki. Ban san me Kawu zai ce ba. Mutumin da ya kasa jure feshin maƙwabci, ina zai sa wannan?

Da ruwan bana ya sauka, Bello ya zo gidana a kan babur, da ƙaramar fartanya ɗaure a baya. Ƙauye za shi ya tono sauran. Ganye ya fito yanzu, in ji shi, zai gane wurin, kuma wannan karon a tudu zai dasa.

Na ce, "Waɗanda sunka tahi ɗibar hatsi bara, nawa sunka komo?"

Ya ce, "Yaya, in ban tahi ba, wa ka tahiya?"

Babu kowa kam. Hannu kawai na sa na zare makullin babur ɗin, na kira mahaifiyarsa ta yi masa magana. Ya zauna a zaure har la'asar bai dube ni ba.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Kawu Altine, ba zan yi ƙaryar cewa aikinsa ya ɗore ba. Kabarinsa ma ba ma iya ziyarta. Abin da ya rage ɗa ne da ya gaji taurin kansa, kuma ni na tare ɗan a ƙofa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Da furensa da ɗansa aka ce in zaɓi ɗaya, na zaɓi wanda zai iya yin fushi da ni.